Lambun Yara

Akwai wata irin makaranta wadda manyan ɗalibanta ba su wuce shekara biyar da haihuwa ba, ƙananan kuwa ba su fi shekara uku ba. Wanda ya leƙa ta taga zai ga waɗansu sun durƙusa suna gina gida da guntayen katako, waɗansu suna ɗura yashi a gwangwani, wata kuma can gefe ta goya 'yar tsana tana jijjigawa. Ba mamaki ya kaɗa kai ya ce, "Wannan ai dandali ne aka yi wa rufi, ina karatun yake?" Karatun kuwa ga shi nan a gabansa, shi ne dai bai gane shi ba, gama a wannan makaranta wasan shi ne karatun.

Ana kiranta makarantar reno. A waɗansu garuruwa na ƙasar Hausa, inda aka haɗa ta da makarantar firamare, rabin aji ake ce mata, wai don 'yan cikinta ba su isa shiga aji ɗaya ba. Amma sunan da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne kindagatin, kalmar Jamusanci ce, ma'anarta lambun yara. A Jamhuriyar Nijar ma abin da sunanta yake nufi ke nan da Faransanci. To, me ya haɗa makaranta da lambu? Sai an ji labarin wanda ya raɗa sunan.

An haifi Firedirik Firobel a wani ƙauye na ƙasar Jamus cikin shekarar 1782. Yana da wata tara a duniya mahaifiyarsa ta rasu. Ubansa limamin coci ne, aiki ya yi masa yawa, matar da ya aura daga baya kuwa ba ta ja yaron a jiki ba. Saboda haka ya tashi cikin kaɗaici, ba shi da abokan wasa sai itatuwa da tsirrai. Da ya kai shekara 10 wani kawunsa ya ɗauke shi riƙo, can ne ya fara sanin daɗin zama cikin tsara. Yana ɗan shekara 15 aka sa shi koyon aikin gandun daji. Ya taɓa sana'a iri iri bayan wannan, har a 1805 ya fara koyarwa a birnin Farankfot, nan take ya ji ya sami aikin da ya dace da shi.

Ya daɗe yana koyar da manyan yara, yana lura da su. Abin da ya dame shi shi ne, da yawansu kafin su zo hannun malami an riga an yi musu illa. Wani an kashe masa zuciya da tsawa, wani ba a taɓa amsa masa tambaya ba har ya daina yi. Hausawa suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Firobel ya yarda da batun ɗanyen, amma shi da ya zauna a gandun daji ya san wani abu kuma. Ba a kama tsiro a ja shi da hannu don ya yi saurin tsawo, in aka yi haka tsinkewa zai yi. Aikin mai lambu shi ne ya gyara ƙasa, ya zuba taki, ya yi ban ruwa a kan kari, ya cire ciyawa, ya yi shinge kada awaki su shiga. Tsirowa kuwa na tsiron ne. Har wa yau mai lambu ya san albasa dabam, tumatir dabam, ba ya fushi da ɗaya don bai yi kamar ɗayan ba. Firobel ya ce haka ya kamata a yi da ƙananan yara.

A 1837 ya buɗe wani gidan wasa da aikin hannu domin ƙananan yara a wani ɗan gari mai suna Blankenburg. A 1840 ya sa masa suna lambun yara. Ba a suna kaɗai abin ya tsaya ba, gama akwai lambu na sosai a wurin. Kowane yaro yana da 'yar fangalinsa da zai shuka abin da ya ga dama, ga kuma babban fangali na kowa da kowa.

Abin da ya fi shahara cikin aikinsa shi ne waɗansu kayan wasa da ya tsara, ya kira su kyaututtuka, ana ba yaro su ɗaya bayan ɗaya. Kyauta ta fari ƙwallaye shida ne masu laushi na zaren ulu, kowace da launinta. Ta biyu abu uku ne na katako. Ɗaya ƙwallo ne, ɗaya dunƙule ne mai fuska shida kamar ƙwayar sukarin kwali, na ukun kuwa kamar gwangwanin madara. Yaro zai tura ƙwallon ya ga ya gangara, ya tura dunƙulen ya ga ya ƙi. Mai kama da gwangwanin kuwa, in an kwantar da shi ya gangara, in an tsai da shi ya tsaya cik. Ba wanda ya gaya wa yaron dalili, hannunsa ne ya gano cewa siffar abu ita ke sa shi tafiya ko tsayawa.

Kyauta ta uku ita ce mai ban mamaki. Akwati ne ɗan ƙarami, in an kife shi a kan tebur aka zare murfin, sai ga dunƙule guda. Da yaro ya taɓa shi sai ya ga ashe ƙananan dunƙulaye takwas ne aka jera. Ya raba su gida biyu, huɗu nan huɗu can, ya san rabi ke nan tun bai ji sunansa ba. Ya sake rabawa, bibbiyu gida huɗu, ga rubu'i. Ya ɗora su ya ce kujerar Baba ce, ya rushe ya mai da su rijiya, ya sake rushewa ya yi gada. In an gama wasa kuma sai ya tattara takwas ɗin nan ya mayar da su dunƙule guda kamar yadda ya same su, kana a rufe akwatin. Ran da wannan yaro zai zauna a aji uku malami ya rubuta rabi da rubu'i a kan allo, ba baƙi zai gani ba, tsofaffin abokan wasansa ne. Wani mashahurin mai zanen gine-gine na Amurka, Frank Lloyd Wright, ya faɗa da bakinsa cewa irin waɗannan katakai da uwarsa ta saya masa yana yaro su ne suka fara buɗe masa ido a kan sana'arsa.

Sai dai Firobel bai ga ribar aikinsa ba. A 1851 gwamnatin Farusha, wadda take cikin manyan ƙasashen Jamus na lokacin, ta hana buɗe lambun yara a ƙasarta, bisa zargin wai ana cusa wa yara ƙin addini da tawaye. An ce har da rikita sunansa aka yi da na wani ɗan ɗan'uwansa mai zafin ra'ayin siyasa. Firobel ya rasu a 1852, ba a ɗage hanin ba sai 1860. Amma kafin nan matan da suka koyi aikin sun riga sun fita da shi waje. An buɗe lambun yara a Landan a 1851, aka buɗe a Amurka a 1856, daga nan ya bazu.

Bayansa an yi waɗansu da suka ƙara nasu. A birnin Rum na ƙasar Italiya akwai wata unguwar matalauta inda iyaye suke fita aiki tun da safe su bar yara suna gararamba, suna ɓata bangon gidaje. Masu gidajen suka nemi wanda zai tsare musu yaran. Aka sami wata likita, Mariya Montessori, ta buɗe Gidan Yara ran 6 ga Janairu, 1907. Ita ce ta lura da abin da kowa yake gani amma bai kula ba, watau duk kayan ɗaki don manya aka yi su. Ta sa aka ƙera kujeru da tebura daidai tsawon yara, marasa nauyi, waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa. Ta yanka haruffa da takarda mai kaushi, yaro yana bin su da yatsa tun kafin ya riƙe alƙalami. Ta kuma gane cewa yaro ya fi son a bar shi ya yi shara, ya zuba ruwa, ya ɓalla maɓallin rigarsa, da a yi masa. A Landan kuma waɗansu mata biyu, ya da ƙanwa, Rahila da Margaret McMillan, suka buɗe tasu a fili cikin 1914, suka fi mai da hankali ga wanka da abinci da barci da iska mai kyau, don sun ga yaro mai yunwa ko mai ƙazuwa ba ya iya wasa balle koyo.

Kada a zaci kafin wannan makaranta ta zo ƙasar Hausa ba a renon yara. Babban gida na gargajiya shi kansa makarantar reno ne. Ga kaka, ga gwaggo, ga yayye masu goyo, ga tsakar gida mai faɗi, ga dandali in wata ya fito. Da an yaye yaro akan kai shi wurin kakarsa, in ya ƙara tasawa a sa shi makarantar allo. Abin da ya sauya shi ne zama. A birane yanzu miji da mata da 'ya'yansu kaɗai sukan zauna a ɗaki biyu, ƙofa a rufe, titi cike da motoci da babura, uwa kuma wataƙila malamar asibiti ce ko 'yar kasuwa. Yaron da ya tashi haka yana bukatar wurin da zai sami abin da babban gida yake bayarwa. Tsarin ilmi na ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ya ambaci wannan makaranta, ya ce a kula da yara sa'ad da iyayensu suke gona ko kasuwa ko ofis, a koyar da su ta hanyar wasa, da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ita ma ta sa kula da ƙananan yara cikin abin da ta ƙunsa.

Yanzu ku dubi yadda yini guda yake tafiya a makarantar da aka tsara da kyau. Darasin fari a bakin ƙofa ake yinsa. Yaro ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Malama?" Ita kuwa ta amsa, ta kira sunansa, ta tambaye shi mutanen gida. Sabon zuwa yakan riƙe zanen uwarsa ya yi ta kuka, wannan ba abin kunya ba ne. Malama mai hankali ba ta fizge shi, ba ta kuwa barin uwar ta sulale a ɓoye. Sai uwar ta ce masa, "Zan dawo in an yi azahar," ta kuma dawo ɗin. Kwana kaɗan yaron zai gane cewa wanda ya tafi yana dawowa, kuka ya ƙare.

Daga nan sai a yi da'ira a kan tabarma, a yi waƙa da tafi, a faɗi sunan ranar, a ƙirga waɗanda suka zo, a tambayi wa ba ya nan. Ba a daɗewa, gama ɗan shekara uku ba ya iya zama wuri ɗaya sai na 'yan mintoci. Sa'an nan a sake su, kowa ya nufi inda ransa yake so.

Wurin yashi da ruwa ba ya rabuwa da jama'a. Can za a ga yaro yana cika ƙaramin gwangwani yana juyewa a babba, yana ƙirga sau nawa zai zuba kafin ya cika. Awo yake koyo, irin wanda mai sayar da gero yake yi da mudu. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jan Piyaje, ya nuna wani abin dariya game da wannan. In aka zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, sa'an nan aka juye na ɗaya a doguwar kwalba siririya a gaban ɗan shekara huɗu, sai ya ce na kwalbar ya fi yawa, don ya ga ya fi tsawo. Ko an yi masa bayani ba ya yarda. Sai ya yi ta zubawa yana juyewa da hannunsa, wata da watanni, hankalinsa kuma yana ƙara nuna, kana wata rana ya gane cewa ruwan bai ƙaru ba, mazubi ne ya sauya. Wanda ya hana shi wasan ruwa don kada ya jiƙa riga, ya hana shi darasin lissafi bai sani ba.

A wani lungu kuma an kafa gida. Ana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, ana miya da ganye, wata ta zama Inna, wani ya zama Baba ya ɗauki jaka wai ya tafi kasuwa. Kusa da su an buɗe kanti, tsakuwa ce kuɗi, ana ciniki har da "albarka" da "sallama." Ku kasa kunne ku ji maganar da ke fita daga bakinsu. Duk abin da suka ji manya suna faɗi a gida, mai kyau da maras kyau, nan yake fitowa, har da irin muryar. A cikin wannan wasa ne yaro yake fara gwada zama wani, ya ji yadda uwa take ji in ɗa ya ƙi cin abinci. Tausayi daga nan yake tsirowa. Nan ne kuma ake koyon bin doka ba da bulala ba, don wanda aka ce shi ne jariri dole ya kwanta ya yi shiru, in ya tashi ya kama tuƙa tuwo sauran za su ce ya ɓata wasa.

Ba sai an sayo kaya masu tsada daga waje ba. Karan dawa yana zama mota, yana zama doki. Laka tana zama tukunya da saniya. Murafan kwalba da aka huda, in aka ba yaro zare ya shisshigar, sun isa aikin rabin sa'a. Duk waɗannan suna da amfani guda da ba a cika lura da shi ba. Ƙasusuwan wuyan hannun ƙaramin yaro ba su gama ƙwari ba, da sauran guringuntsi a cikinsu, yatsunsa kuma ba su saba da aiki mai laushi ba. Murza laka, da yaga takarda, da tsintar tsakuwa irin ta carafke, su ne suke shirya hannun da zai riƙe fensir gobe.

A waje ga lilo, ga gare, ga tsalle-tsalle da guje-guje, 'yan mata kuma suna kwaikwayon gaɗar yayyensu. Lilo ɗaya ne, masu so ashirin, saboda haka ba a rasa rigima. Nan ne aikin malama yake da wuya. In ta ƙwace ta ba wanda ya fi kuka, gobe kowa zai yi kuka. In ta yi tsawa kowa ya watse, ba a koyi kome ba. Sai ta durƙusa daidai tsawonsu, ta ji ta bakin kowa, a yi shawara cewa kowa zai hau a ƙirga masa goma ya sauka. Mai jira shi ke ƙirgawa, ba ya kuwa yarda a tsallake ko ɗaya. Ga haƙuri ga ƙidaya a wuri guda.

In hantsi ya yi sai a wanke hannu da sabulu, a zauna a ci abin da aka zo da shi, ko ƙosai ne, ko ɗan wake, ko kunu a gora. Wanke hannun nan ba ƙaramin abu ba ne, gama inda yara suka taru nan zawo da mura suke saurin yaɗuwa. Shi ya sa makarantar kirki takan nemi ganin katin rigakafi kafin ta karɓi yaro, don ƙyanda in ta kama ɗaya ba ta tsayawa a kansa. Rigakafi ne ya sa a 2020 aka tabbatar da cewa an raba Afirka da ainihin ƙwayar shan inna da ke yawo tsakanin mutane, cutar da ta gurgunta yara masu yawa a ƙasar Hausa. Bayan abinci ƙananan sukan kishingiɗa. Yaro ɗan shekara uku zuwa biyar yana bukatar barcin sa'a 10 zuwa 13 a kwana guda, wanda bai samu ba kuwa shi ne za a ga yana ta fitina ba dalili.

Kafin a tashi akan yi tatsuniya. Bisa al'ada da dare ake yinta, amma makaranta ba ta da dare, sai ta ara. Yaran sun san Gizo, sun san Ƙoƙi, in malama ta sauya ko kalma ɗaya cikin labarin da ta ba su jiya sai su yi caa su gyara mata. Ta haka suke koyon cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, suna tara kalmomi, suna saba wa kunnensu sauraro. Da harshen da yaro yake mafarki da shi ya fi jin daɗin tatsuniya, da shi kuma ya fi iya tambaya.

Duk da haka akwai masu ganin ɓata kuɗi ne. Uba ya dawo daga aiki ya tambayi ɗansa, "Me kuka yi yau a makaranta?" Yaro ya ce, "Wasa, Baba." Gobe ma haka, jibi ma haka. Ran nan sai uban ya tafi wurin shugabar makaranta ya ce shi karatu ya biya wa kuɗi, ga ɗan maƙwabcinsa can yana rubuta ɗaya har ɗari. Don tsoron kada a kwashe musu yara, makarantu da yawa sun bi wannan ra'ayi. Sai ka ga ɗan shekara uku yana rinjaya da jakar littattafai, an zaunar da shi a benci tun safe yana kwafar abin da bai san ma'anarsa ba, a ƙarshen zango a yi masa jarrabawa, har a ce shi ne na ashirin da bakwai a aji. Wannan jan tsiro ne da hannu. Yaron yana iya rera ɗaya zuwa ɗari kamar aku, amma a ce ya miƙo tsakuwa biyar sai ya ɗebo cikin hannu. Mafi muni, yana iya ƙin jinin fensir tun kafin lokacin fensir ya zo. Ƙwaƙwalwar jariri ran haihuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu ce ta babban mutum, kafin ya cika shekara biyar ko shida kuwa ta kai wajen kashi tara cikin goma. Shekarun da ake wannan gini ba su dawowa. A ƙasar Finlan sai yaro ya kai shekara bakwai yake shiga aji ɗaya, bai kuwa hana yaran can iya karatu ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1989 ta lissafa wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro, tare da ilmi da lafiya.

Maganin wannan saɓani shi ne iyaye su shigo su gani da idonsu, hanyar shigo da su kuwa ita ce biki. Ƙaramin yaro duniya biyu gare shi, gida da makaranta. In ya ga Inna zaune a kan tabarmar ajinsu tana gaisawa da Malama, sai hankalinsa ya kwanta, ya san su biyun bakinsu ɗaya.

In salla ta matso sai ajin ya rikiɗe. 'Yan mata su ɗora tafin hannu a kan takarda a zagaye musu shi, su yi masa zanen lalle. Maza su yi dawakin kara, a naɗa wa ɗaya rawani da ɗankwalin Malama ya zama sarki, a yi hawa a tsakar makaranta, ana jinjina ana buga gwangwani. Bayan hutu akan sa rana guda kowa ya zo da kayan sallarsa, iyaye mata su kawo cincin da dubulan, in babbar salla ce har da soyayyen nama. A nan ake gane malama ta ƙwarai. Ta san a cikin ajin akwai wanda ba a ɗinka masa sabon kaya ba bana, wataƙila maraya ne, wataƙila hannun ubansa ne bai kai ba. Ba ta tsayawa yabon shadda da leshi. Sai ta juye abincin duka a babban faranti ɗaya yadda ba mai sanin wa ya kawo me, shi wancan yaron kuma ta ba shi rawanin sarki. A garuruwan da Musulmi da Kirista suke zaune tare, kamar Jos da Kaduna, in Kirsimeti ta zo sai waɗanda aka ba cincin da salla su ma su rama.

Haihuwa a gidan ɗaya daga cikinsu ita ma labari ce babba. Yaron da aka yi wa ƙane ba kullum yake murna ba. Jiya shi ne ɗan lele, yau kowa ya shigo jariri yake nema, shi kuwa sai a ce, "Matsa can, kai ai babba ne." Yakan zo makaranta da fushi, ko ya koma tsotsar yatsa. Malama sai ta sa a yi wasan suna. A yi wa 'yar tsana wanka, a naɗe ta, a raba tsakuwa a madadin goro da dabino, shi kuma a ce shi ne Yaya, shi zai faɗa wa jama'a sunan da aka raɗa ran bakwai. Da yawa daga ranar suke fara cewa "ƙanena" da alfahari.

Amma ba ranar da ta kai ranar kakanni daɗi. Tsohuwa ta zo da mazari da auduga ta nuna yadda ake kaɗi, yara sun zuba ido suna mamakin yadda zare yake fita daga abin da ba zare. Tsoho ya zauna ya tufka igiya da rama a kan cinyarsa. Da yake tsakanin jika da kaka akwai wasa, ba a jimawa sai ka ji tsohuwa tana cewa, "Ina maigidan nawa? Yau ma bai ba ni kuɗin cefane ba," jikan kuwa ya ce ya sake ta don ba ta da haƙora, aji ya kwashe da dariya. Yaran da kakanninsu suke can ƙauye mai nisa su ma sai su raɓa su sami rabonsu. Akwai kuma ranar yara, 27 ga Mayu, da ake yi ko'ina a Nijeriya. Bikin zagayowar ranar haihuwa kuwa baƙo ne, waɗansu gidaje suna yi, waɗansu ba su yarda da shi ba, makarantar da ta bari ya zama gasar nuna arziki tsakanin iyaye ta jawo wa kanta magana.

Bikin ƙarshe shi ne na ƙarshen shekarar karatu, sa'ad da damina ta kankama. Iyaye su taru a inuwa, a baje abin da yara suka yi: tukwanen laka, da motocin kara, da zane-zanen da sai mai su ya faɗi ko mene ne. Inda aka riƙe al'adar Firobel, tun farkon ruwa an ba manyan ajin fangali a bayan ɗaki sun shuka alayyafo, wanda ba ya wuce 'yan makonni ya isa yanka. Ran bikin kowane ɗaya ya yanko dami ɗan ƙarami ya kai wa uwarsa, a yi miyar dare da shi. Sa'an nan Malama ta jera su bibbiyu, ta raka su har ƙofar aji ɗaya, su gai da sabon malaminsu, su ga bencin da za su zauna bayan hutu. Gwangwanayen ban ruwa kuwa a miƙa su ga 'yan shekara huɗu, waɗanda tun da safe suke ta gardamar wa zai gaji wane fangali.